Bututun sanyi a ƙarƙashin daɓe: lissafin kwamfuta da falon Maraɗi

Duk shekara in alhazai sun dawo, cikin labaran da ba sa ƙarewa akwai na daɓen Harami. Rana na dukan tsakar ka, amma ka taka farin dutsen nan ba takalmi ka ji sanyi a tafin ƙafa. Da yawa sun haƙiƙance bututun ruwan sanyi aka shimfiɗa a ƙarƙashi. Hukumar da ke kula da masallacin ta sha musanta haka: farar marmara ce da ake sarowa daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, wadda ke mayar da yawancin hasken rana maimakon ta shanye shi. Sai dai zaton alhazan ba shirme ba ne, don akwai gine-ginen da haka ɗin ake sanyaya su. Babban filin jirgin saman Bankok da aka buɗe a 2006 yana cikinsu: bututun roba ne aka binne cikin kankaren daɓe, ruwan sanyi na zagayawa a ciki, matafiya na tafe a kai ba su sani ba.

Ɗumama ɗaki ta ƙasa kuwa ya girmi wannan nesa. Romawa sun yi a gidajen wankansu, mutanen Koriya sun daɗe suna bi da hayaƙin murhu ta ƙarƙashin ɗakin kwana. Mu ma ba baƙonmu ba ne. Wanda ya tashi a ƙauye ya san gadon ƙasa na mai jego, wanda ake zuba wa garwashi ta ƙasa.

Abin da ya jawo ni cikin maganar shi ne ɗan yayata, mai karatun injiniyan gini. A bazarar da ta wuce wani alhaji, ɗan kasuwa, yana gina babban falon baƙi a unguwar Ali Ɗan Sofo, ya ce masa yana son daɓe irin na Makka, ya duba masa in zai yiwu. Yaron ya kwana uku kan kwamfuta, ya zo mini da zane mai launin kore tun daga Janairu har Disamba. Kore na nufin mutanen da ke falon suna cikin jin daɗi. Na ce masa, "A Afrilu ma?" Ya ce, "Kawu, ba ni na faɗa ba, manhajar ce ta faɗa." Ni na yi shekaru ina aikin gini da sa kilim, na'urar sanyaya ɗaki, kuma ban taɓa ganin ɗaki a garin nan da ya yi kore wata goma sha biyu ba. Muka shimfiɗa tabarma muka bi abin daki-daki.

Manhajar da ya yi amfani da ita EnergyPlus ce, ta ma'aikatar makamashin Amurka, wadda aka fara saki a 2001, kuma kyauta ake sauke ta. Akwai ƴan'uwanta, irin su TRNSYS da ta fito daga jami'ar Wiskonsin tun shekarun 1970. Aikinsu iri ɗaya ne a tushe. Ka zana musu ɗakin, ka faɗa musu da me aka yi kowane bango da rufi da daɓe da kaurin kowanne, ka ba su fayil ɗin yanayin garin mai ɗauke da zafi da laima da iska da ƙarfin rana na awa 8,760, wato shekara guda cur. Su kuma su riƙa lissafi duk bayan ƴan mintoci: zafi nawa ya shigo ta bango, nawa mutane da fitilu suka ƙara, nawa ya fita. Ga daɓe mai bututu, sai ka nuna mata tsakanin wane shimfiɗi da wane aka binne bututun, tazarar da ke tsakaninsu (galibi santimita 10 zuwa 30), da sanyin ruwan da ke shiga. Daga nan ta lissafa yadda sanyin ke ratsa kankare ya iso saman daɓe.

Daɓen kuma ba hura sanyi yake yi ba. Kowane abu mai zafi yana fitar da huci zuwa ga wanda ya fi shi sanyi, ko da iska ba ta motsa ba. Shi ya sa kake jin hucin katangar yamma a fuskarka bayan magariba. Daɓe mai sanyi yana shanye hucin jikinka da na bango da na rufi. Abin da yake ɗauka ta hanyar iska kaɗan ne, saboda iskar da ta yi sanyi nauyi take yi ta kwanta a ƙasa, ba ta tashi ta zagaya. Wannan ne ya sa ɗumamawa ta ƙasa ta fi sanyayawa ƙarfi. A lissafin injiniyoyi, kowane murabba'in mita na daɓe mai ɗumi yana ba da kimanin wat 11 a kan kowane digiri na bambanci da ɗakin, mai sanyi kuwa kimanin wat 7 yake ɗauka. In ɗaki na digiri 26, daɓe na 20, wat 42 ke nan. Na sa yaron ya ninka da faɗin falon alhaji, mita 6 a 8. Wat dubu biyu ya samu, bai kai abin da kilim mai doki ɗaya ke cirewa ba. Mutum a zaune kuma yana fitar da wajen wat 100. In baƙi goma sha biyar suka zauna ɗaurin aure, sun cinye mafi yawan ƙarfin daɓen tun kafin a zo maganar rana da kwano.

To daga ina koren ya fito? Wuri na farko da muka kama shi ne ƙasar da ke ƙarƙashin ginin. In ba ka faɗa wa EnergyPlus zafin ƙasar ba, sai ta ɗauka digiri 18 ne, kowane wata. Wannan adadi na ƙasashen sanyi ne. Ƙasa, in ka yi zurfin ƴan mitoci, tana zama ne kusa da matsakaicin zafin garin na shekara, kuma na Maraɗi yana wajen 27 zuwa 28. Wanda ya taɓa jawo guga a rijiya da asubar hunturu ya san ruwan da ɗumi yake fitowa. Ke nan a cikin kwamfutar ƙasa tana taya daɓen aiki kyauta, alhali a Ali Ɗan Sofo za ta riƙa satar sanyin ne ta ƙasa dare da rana. Da ya gyara wannan lamba ɗaya, Afrilu da Mayu suka fara komawa launin ja a zanen, wato zafi ya yi yawa. Maganinsa sananne ne, a shimfiɗa farin soson nan mai tare zafi, irin wanda ake tokare firij da shi a kwali, kafin a zuba kankare. Amma kuɗi ne, kuma bai sa shi a lissafin alhaji ba tunda kwamfuta ba ta nuna buƙatarsa ba.

Fayil ɗin yanayin ma na Yamai ya sa, don shi ya fara samu. Yamai ta fi mu zafi, Kano ta fi mu ruwa, kowanne ka ɗauka ka karkatar da amsar. Ko na Maraɗin, tashar auna yanayi tana filin jirgi ne, a sarari, inda iska ke kaɗawa. Cikin gari, tsakanin katangun siminti, dare bai yin sanyi haka.

Inda muka fi daɗewa shi ne kan mutumin da ke zaune a falon, domin a ganina nan ne ainihin matsalar take. Launin koren ya fito ne daga lissafin wani malamin Denmark, Ole Fanger, wanda ya fitar a 1970. Ya haɗa abubuwa shida: zafin iska, hucin bangaye, motsin iska, laima, kaurin tufafi, da aikin da jiki ke yi. Ya fitar da maki daga -3, sanyi mai tsanani, zuwa +3, zafi mai tsanani, sifili kuma daidai wa daida. Aiki ne mai kyau, har yau duniya na amfani da shi. Amma mutanen da aka gwada, fiye da dubu, galibinsu ɗalibai ne a Amurka da Denmark, a rufaffen ɗakin gwaji, zaune kan kujera. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 7730 da ta ɗauki lissafin ta ce kada a dogara da shi in zafin iska ya wuce digiri 30. Ɗakunanmu nawa ne ke ƙasa da 30 da azahar a watan Mayu?

Wannan mutumin na cikin kwamfuta yana kan kujera, tsakiyar jikinsa santimita 60 daga ƙasa, da takalmi a ƙafarsa. Don shi aka ce daɓe ya tsaya tsakanin digiri 19 da 29. Baƙon alhaji kuwa zai tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Zai naɗe ƙafa a ƙasa, ya jingina da tuntu, in lokacin salla ya yi ya sa goshi da gwiwa da tafin hannu a daɓen, in an ci an ƙoshi wataƙila ya kishingiɗa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta zauna a wurin, jariri zai rarrafa. Lissafin Fanger bai san da zafin da ke fita ta inda jiki ya taɓa daɓe ba sam. Wani ɗan Denmark ɗin, Bjarne Olesen, ya gwada masu tafiya ba takalmi a shekarun 1970, ya samu cewa a kan siminti tsirara ƙafa ta fi son digiri 26 zuwa 28 da ɗoriya, a kan shimfiɗa ko katako kuwa tana jure ƙasa da haka. Siminti da karo, wato tayil, suna zuƙe zafin fata da sauri, shi ya sa suke jin sanyi fiye da tabarma ko da ma'auni ya nuna zafinsu ɗaya. In ka bi Olesen ka ɗaga daɓe zuwa 26 a ɗakin da kake son ya tsaya a 26, bambancin ya zama sifili, bututun ya zama kwalliya.

Ban yarda a tsaya nan ba, domin mutanen Olesen ba daga ranar Maraɗi suka shigo ba. Wanda ya sha rana a kasuwa ya shigo ya taka daɓe mai 24, hamdala zai yi. Kuma ba ma buƙatar ɗaki ya sauka 26. Richard de Dear da Gail Brager sun tattara awo daga gine-gine a nahiyoyi da dama, a 1998 suka nuna cewa mutanen da ke zaune a ɗakunan da iska ke shiga da kanta suna sabawa da yanayin garinsu. Ƙa'idar Amurka ta ASHRAE 55 ta karɓi wannan a 2004. Bisa lissafinta, in matsakaicin zafin waje ya kai 33, kamar yadda muke kusanta a Afrilu da Mayu, mutane sun fi jin daɗi a wajen digiri 28, kuma mafi yawansu za su lamunci har 31 da rabi, fanka kuma ta ƙara musu digiri ɗaya zuwa biyu. Ɗaki mai 30, daɓe mai 25, fanka na juyawa: wannan abu ne mai yiwuwa, kuma fankar tana tayar da kwantacciyar iskar ƙasa ta ƙara wa daɓen ƙarfi. Cikas ɗin shi ne ita wannan ƙa'idar an yi ta ne don ɗakin da ba a kunna masa na'urar sanyi ba, kuma ba ta aiki in matsakaicin zafin waje ya wuce 33.5. Falon alhaji ya faɗa tsakanin ma'aunai biyu, kowanne bai yi masa daidai ba. Na ce wa yaron ya fitar da duka biyun ya nuna wa mai gida, kada ya zaɓi wanda ya fi kore.

Akwai kuma yadda manhajar ke auna huci. In ba ka canza ba, tana haɗa zafin dukkan bangaye da rufi da daɓe ta fitar da matsakaici ɗaya, kamar mutum na rataye a tsakiyar ɗaki. Mai zama a ƙasa kusan rabin abin da jikinsa ke fuskanta daɓe ne. Ana iya faɗa mata haka, akwai gurbin sa wa kowane bango kasonsa. Wannan gyaran, ba kamar na baya ba, ya taimaki daɓen. Haka iska: zafi iri ɗaya take ba ɗaki duka daga ƙasa har sama, ba ta ganin tafkin sanyin da ke kwance a idon sawu. Mai son ganin wannan sai ya koma ga manhajar kwaikwayon motsin iska, wadda kwamfutar ɗalibi za ta kwana tana nishi a kai.

Na tambaye shi me ya sa a saman daɓen. Ya ce karo. Na ce, "Ka taɓa shiga falon alhaji a garin nan ka tarar da karo tsirara?" Dardumar Turkiyya ce daga bango zuwa bango. Darduma mai kauri tana tare zafi kusan daidai da shingen da ke tsakanin daɓe da iskar ɗaki, ke nan ta ninka shi. Ka sayi sanyi ka lulluɓe shi da bargo.

Sai damina. A Maris, iska mai digiri 38 da laima kashi 10 cikin ɗari ba ta sauke raɓa sai a kan abin da ya yi sanyin digiri 1. Daɓe mai 20 ko 22 yana nan ƙalau, a bushe. A Agusta kuwa, iska mai digiri 30 da laima kashi 70 tana sauke raɓa a kan duk abin da ya sauka ƙasa da 24. Kowa ya ga yadda kwalbar ruwan sanyi ke zufa a watan. Daɓe zai yi haka, karo mai santsi ya jiƙe, kuma ƙarƙashin darduma, inda ya fi sanyi kuma iska ba ta busar da shi, fumfuna za ta yi gida. Daɓe ba ya cire laima ko ɗigo. A Bankok, garin da ya fi mu laima, abin yana aiki ne don ginin a rufe yake ruf, kuma akwai wata na'ura daban mai busar da iskar da ake shigarwa. Falon da ƙofarsa ke buɗe daga hantsi zuwa isha, almajiri na sallama, yara na shige da fice, ba za a busar da iskarsa ba.

Ita manhajar ta san da raɓa. In ta hango daɓe zai jiƙe sai ta tsayar da ruwan da kanta, ta rubuta gargaɗi a wani fayil na gefe. Yaron bai taɓa buɗe fayil ɗin ba. Da muka buɗe, gargaɗin ya yi jere a watannin damina. Wato a cikin kwamfuta daɓen bai taɓa jiƙewa ba don ta kashe shi, a gidan gaske kuwa sai an sayi na'urar da za ta ji laima ta rufe famfon, in ba haka ba ruwa zai ci gaba da zagayawa. Ƙari a kan haka, matsakaicin sanyin daɓe take dubawa, alhali layin da ke daidai saman bututu ya fi tsakani sanyi, kuma nan raɓa ke fara sauka, zane-zane kamar kunyar gona.

Kada a ce na zo kushe ne kawai. Akwai abu biyu da suka sa har yanzu ban cire rai da dabarar ba a garin nan. Ruwa yana ɗaukar zafi fiye da iska mai girmansa sau kusan 3,500, don haka ƙaramin famfo na yin aikin da sai babbar fanka za ta yi. Kuma daɓe ba ya buƙatar ruwa mai digiri 7 irin na manyan injinan sanyi, na 18 ko 20 ya ishe shi. A bazara, lokacin da muka fi buƙata, iskarmu a bushe take ƙayau, kuma iska mai digiri 38 da laima kashi 10 tana iya sauke ruwa zuwa wajen 20 ta hanyar tururi kawai, yadda randa ke yi. Hasumiyar sanyaya ruwa randa ce babba mai fanka. Tana shan ruwa, kuma ƙurar hunturu za ta riƙa toshe ta, amma wutar da take ci kaɗan ce. Kamfanin Infosys ya gina wani ofis a Haidarabad ta Indiya ya raba shi biyu, rabi da sanyin iska irin na kullum, rabi da bututu cikin kankare, ya auna, ɓangaren bututu ya ci wutar sanyayawa ƙasa da ɗayan da wajen kashi ɗaya cikin uku. Sai dai su ta rufin kowane bene suke sanyayawa, inda ƙarfin ya kai wat 11 ɗin nan, kuma babu mai shimfiɗa darduma a sama.

Na biyun shi ne nauyin kankaren kansa. Murabba'in mita mai kaurin santimita 10 yana da nauyin kilo 240 ko kusa, kuma in ka sauke shi digiri 4 ya ajiye sanyin da zai shanye wat 40 na tsawon awa shida. A Turai wannan nawar tasa aibi ce, sun ce ba ya jin umarni da wuri. A nan alheri ne. Wutarmu daga Najeriya take zuwa ta Katsina, kuma kowa ya tuna Agustan 2023 da aka yanke ta bayan juyin mulki. Kilim in wuta ta ɗauke, minti goma ɗaki ya koma tanda. Daɓen da sola ta sanyaya da rana zai raka ka har tsakar dare ba batir. Kakanninmu da suka yi soro da katanga mai kaurin kamu biyu wannan lissafin suka yi, sai dai su sanyin dare suke ajiyewa. Kuma a nan ne kwaikwayon kwamfuta ke da amfanin da lissafin takarda ba shi da shi, domin shi kaɗai zai nuna maka ƙarfe nawa za ka fara tura ruwa don sanyin ya iso sama lokacin da baƙi ke zaune. Na sa shi ya rubuta mata jadawalin ɗaukewar wuta, abin da bai taɓa gani a misalan da ya koya da su ba.

Ɗumamawa ba ta ɗauke mu lokaci ba. Darare ne ƙalilan a Disamba da Janairu da sanyi ke sauka wajen digiri 13, kuma bargo ya fi bututu araha. Inda na ga dacewarta shi ne ɗakin jarirai bakwaini, da ruwan da rana ta ɗumama.

Rufin falon kwano ne, kuma alhaji ya ce a bar silin sai baɗi. Maraɗi tana kan digiri 13 da rabi arewa, rana na tsayawa daidai tsakar ka a ƙarshen Afrilu, tana zuba kusan wat 1,000 a kowane murabba'in mita na rufi. Kwano yana haura digiri 60, in ya tsufa ya yi ƙura da tsatsa hucin da yake saukarwa ya ninka wat 40 ɗin daɓe sau da yawa. Yaron ya gwada falon sau biyu, ɗaya da bututu ba silin, ɗaya da silin mai makarin zafi da farin fenti a kwano da fanka ba bututu ko ɗaya. Na biyun ya fi rage jan.

Ya kai wa alhaji zanen biyu. Alhaji ya duba ya ce, "To, ɗana, na Makkan fa?" Ya ce masa bututu in an binne an binne, tun ran gini ran zane, don haka a dakata da zuba daɓen falon, a fara da silin. Ya aro ma'aunin zafi guda biyu. Ɗaya ya binne a rami mai zurfin mita ɗaya a cikin filin, ya bar wayar a waje cikin gwangwanin madara. Ɗayan, mai auna laima, ya rataye a ɗakin mahaifiyarsa, daidai tsayin kan mutumin da ke zaune a tabarma. Tana rubuta masa lambobin a bayan kalanda bayan kowace salla, har zuwa ƙarshen Satumba.